Shafinmu ya samu maki 96: shin hakan na nufin makafi da dattawa za su iya amfani da shi?

Mai Kula da Shafi: Assalamu alaikum. Ina kula da shafin intanet na wata ƙungiyar taimakon jama'a, kuma yawancin masu cike takardar neman tallafi a shafin dattawa ne da masu buƙata ta musamman. Na auna shi da Lighthouse, manhajar awon shafuka da ke cikin Chrome, ya ba ni maki 96 cikin 100. Shin zan iya dogara da wannan, kuma sau nawa ya kamata a riƙa maimaita awon?

Malam Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, makin yana da amfani, amma na'ura tana gano abin da za ta iya ƙirgawa ne kawai. Ma'aunin da ake bi shi ne WCAG, wato ƙa'idojin sauƙaƙa shafukan intanet ga masu buƙata ta musamman, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wanda bugunsa na 2.2 ya fito a 2023, kuma matakin AA, na tsakiya cikin matakansa uku, shi ne yawancin dokoki ke nema. Manhajoji irin su Lighthouse da WAVE da axe sun ƙware wajen gano rubutun da ya dusashe, domin ƙa'idar ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, suna kuma gano hoton da ba a rubuta masa bayani ba. Abin da ba za su iya ba shi ne tantance ko bayanin yana da ma'ana. Idan an rubuta "hoto" kawai a ƙarƙashin taswirar ofishinku, na'ura za ta wuce, makaho kuwa bai ƙaru da komai ba. A 2017 ma'aikatan gwamnatin Birtaniya sun cika wani shafi da kurakurai da gangan, kuma babu manhajar da ta gano ko da rabinsu.

Hajiya Malama: Ni makauniya ce, da NVDA nake aiki a kwamfuta, da TalkBack a waya, wato manhajojin da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo da murya. Ɗan'uwa, ka ajiye linzamin kwamfutar gefe, ka yi ƙoƙarin cike takardar nan da madannin Tab kaɗai daga farko har ƙarshe, sannan ka kunna NVDA, kyauta ce, ka saurari abin da take faɗa a kowane gurbi. Ka kuma tabbatar an nuna a cikin lambobin da aka gina shafin da su (code) cewa harshensa Hausa ne. A kan dattawa kuwa, ka faɗaɗa rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari ka ga ko wani abu ya ɓace, ka duba ko maɓallan sun yi ƙanƙanta ga mai rawar hannu, da ko shafin yana korar mutum tun bai gama rubutu ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya.

Malam Injiniya: Batun maimaitawa, a ganina a riƙa auna shafin da na'ura duk lokacin da aka sauya wani abu, domin sabon hoto ko sabuwar takarda kan dawo da kuskuren da aka gyara. Gwaji da mutane kuma, aƙalla sau ɗaya a shekara. Dokar Tarayyar Turai ta 2016 ta wajabta wa hukumomin gwamnati su wallafa bayanin inda shafinsu ya gaza, tare da hanyar kai koke, kuma wannan tsari ne da ƙaramar ƙungiya ma za ta iya ɗauka.

Mai Kula da Shafi: Na gode ƙwarai. Hajiya, idan ba damuwa, zan so ki gwada mana takardar bayan an gyara, kuma ƙungiya za ta biya ki ladan aikin.