"Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya": har da cire yaro daga makaranta?

Abban Khalil: Assalamu alaikum. Jiya muka sa-in-sa da matar yayana. An cire 'yarsu 'yar aji huɗu daga makaranta an ɗora mata farantin awara. Da na yi magana sai ta ce, "Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya." Na rasa abin cewa. Jama'a, nan ne muhallin wannan magana?

Maman Ilham: Muhallinta ne mana. Yaron da ya kwana da yunwa me zai ɗauka a aji? Tun dokar UBE (ilimin bai-ɗaya na matakin farko) ta 2004 ake cewa karatu kyauta ne, amma yunifom da littattafai da kuɗin PTA wa ke biya?

Malam Habu: A'a Hajiya. Mai jan guga ake nufi, kuma babba ne. Ciyarwa a wuyan uba take, ba a kan 'yar shekara tara ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

'Yar Funtua: Kun tuna min da kakata, Allah Ya jiƙanta. Lokacin UPE, shirin gwamnati na sa kowane yaro a firamare, a 1976, mai unguwa na bi gida-gida ana rubuta yara, sai ta cusa mahaifiyata cikin rumbu. Ita ce mai kai mata ƙosai tasha, kuma da ribar ake tara mata kayan ɗaki. Tarin ƙaiƙayi ya tona asiri, aka fito da ita fururu. Kaka ta yi kuka kamar an yi mutuwa, ta ce boko ya ƙwace mata hannun dama. Wata uku ba ta gaisa da mai unguwa ba. Mahaifiyar tawa ta zama ungozoma a asibiti, ita ta riƙe kaka har ƙarshen rayuwarta. Amma ko a lokacin kaka cewa take, shekarun da babu mai talla, Allah kaɗai Ya san yadda suka ci tuwo.

Ɗan Dawanau: Hahaha, da tarin bai zo ba da yanzu ke ce sarauniyar ƙosai a Funtua!

Na Maraɗi: Mu ma nan haka ne. Damina na faɗuwa lakwal ta watse, yara sun tafi gona da kiwo.

Ɗan Dawanau: Su kuwa masu rabon taliya ranar zaɓe, ruwan cikinsu har ya tumbatsa. 'Ya'yansu na Ingila, namu na tura baro a kasuwa.

Maman Ilham: Ina shirin ciyar da 'yan firamare? A unguwarmu tun da tukunya ta sauka aji ya rage.

Malam Habu: Mun bar zance fa. Abban Khalil, ina shi yayan naka?

Abban Khalil: Adaidaita sahu yake ja, Malam. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 balas ma da kyar yake haɗawa.

'Yar Funtua: To kai baffanta, nawa awarar ke kawowa a rana? Ka tambayo mana.