Wace kalma ce ta dace da tafiyar da taurari ke yi da baya?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar da za ta tsaya a madadin retrograde ta masu ilimin falaki. Ga abin da ake nufi: idan kana auna wurin Mirrihi (Mars, ɗaya daga taurarin da ke zagaya rana kamar duniyarmu) a tsakanin kafaffun taurari dare bayan dare, za ka ga yana matsawa gabas kaɗan-kaɗan. Can sai ya rage sauri, ya tsaya, ya nufi yamma har tsawon wata biyu zuwa biyu da rabi, ya sake tsayawa, sannan ya ci gaba da gabas ɗinsa. Kusan duk wata 26 sai ya maimaita. Wasu na rubuta "koma-baya", wasu "juyawa". Wanne za a ɗauka?

Malamin Falaki: Wa alaikumus salam. Babu ko ɗaya. "Juyawa" ta riga ta yi aure, ita muke ba wa jujjuyawar duniya a kan kanta, wadda ke kawo dare da rana. "Koma-baya" kuwa kunnen Bahaushe lalacewa yake ji a cikinta, kamar koma-bayan tattalin arziki. Masu duban taurari za su so ta, tunda su ke cewa in Uɗaridu (Mercury) ya shiga wannan hali al'amura na dagulewa, maganar da ba ta da hujja a ilimin falaki.

Kuma tauraron ba ya komawa ko'ina. Duniyarmu na zagaya rana da gudun kilomita 30 a daƙiƙa, Mirrihi na yin kusan 24, kuma hanyarsa ta fi tamu faɗi. Idan muka shiga tsakaninsa da rana muka wuce shi, sai ido ya ga kamar ya ja baya, yadda motar da ka sha gabanta kan yi kamar tana zamewa baya alhali gaba take yi. Shi ya sa a tsakiyar wannan lokaci ne Mirrihi ya fi kusa da mu, ya fi haske, yana fitowa da faɗuwar rana. Uɗaridu da Zahara (Venus) ma suna yi, amma su ne ke wuce mu ta ciki, wato tsakaninmu da rana. Rana da wata ba sa yin haka sam.

Ɗalibar Hisabi: Allah ya gafarta Malam, me zai hana mu aro daga Larabci? Littattafan falaki suna da kalmomin uku cif: ruju'i, wuƙufi da istiƙama. Tunda sunayen Zuhal (Saturn) da Mushtari (Jupiter) ma can muka samo su, sai a ce "ruju'i na zahiri".

Mai Fassara: Malama, "zahiri" ɗin nan tarko ne. Balarabe na nufin abin da ya bayyana ga ido, amma in Bahaushe ya ce "a zahiri" yana nufin da gaske. Kin ga ma'anar ta kife ke nan. Kuma bambancin dole ne, domin akwai masu yi da gaske: Tiraitan (Triton), ɗaya daga watannin da ke kewaye da Naftun (Neptune), yana zagaya shi ne saɓanin yadda Naftun ke juyawa, Zahara ma juyawarta a kan kanta saɓanin ta yawancin 'yan'uwanta ce. Ni shawarata, irin na Mirrihi a kira shi "ja da baya na ganin ido", irin na Tiraitan kuma "ja da baya na gaske". Ruju'i a bar wa ɗaliban da ke karanta tsofaffin littattafai.

Malamin Falaki: Na yarda da wannan. Sai a haɗa da "tsayuwar farko", "tsayuwa ta biyu", da "miƙewa" ga tafiyar gabas. Amma duk mai rubutu ya ƙara "a tsakanin taurari", in ba haka ba mai karatu zai zaci tauraron daga yamma yake fitowa. A'a, kullum gabas yake fitowa ya faɗi yamma kamar kowa.

Wanda ke son gani da idonsa ya fara da Mirrihi. Ya zaɓi taurari biyu masu haske kusa da shi, ya zana ukun a takarda sau ɗaya a mako, tun wata biyu kafin daren da zai fito da faɗuwar rana. Inda ake kuskure shi ne auna shi da bishiya ko rufin gida, domin taurari duka na riga jiya fitowa da kusan minti 4, sai lissafin ya rikice. Zanen zai fito kamar zarge ko zikzak, saboda hanyar Mirrihi ta karkace daga tamu da kusan digiri 2. Mushtari na yin nasa wajen wata 4 duk wata 13, sai dai matsawarsa kaɗan ce, sai da haƙuri. Uɗaridu da ake ta surutu a kansa, sau 3 ko 4 a shekara, kusan mako uku-uku, shi ya fi wuyar kamawa, don a yawancin kwanakin yana cikin hasken rana.

Ɗalibar Hisabi: To Malam, in kalmar ta yi tsawo a jadawali fa?

Mai Fassara: A rubuta ta cikakkiya a karon farko, bayan nan "ja-da-baya" ta wadatar. Wanda ake nufi na gaske ne kaɗai ba za a gajarta ba.