Hoton "Sarkin Da Ya Sayar Da Afirka"

Mai Kyamara: Jama'a, abin nan na ci min rai. Kullum yadda Turawa ke nuna mu ke nan: yaro da ƙuda a baki, ko 'yan daji suna ihu a bayan Tarzan a fim. Amma namu da suka rama ba mu san su ba. Samuel Fosso ya buɗe shagon hoto a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, yana ɗan shekara 13. A 1997 ya ɗauki hoton kansa cikin fatar damisa, da farin tabarau da sarƙoƙi, rungume da furanni, ya raɗa wa hoton suna "Sarkin da ya sayar da Afirka ga 'yan mulkin mallaka". Shigar da Bature ke son gani ya yi, don ya yi wa Baturen da ɗan korensa shaguɓe. Wa ya taɓa jin sunansa a nan?

Basakkwace: Wane sarki? A iya baki. Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ya yi shahada a 1903, bai sayar da ko taku ɗaya ba.

Mai Kyamara: Yallaɓai, hular Mobutu, tsohon shugaban Zayar, ya kwaikwaya, ba rawani ba.

'Yar Talakawa: To sarakunan da Gwamna Lugga ya naɗa fa? Wa ya tara masa haraji da jangali?

Basakkwace: Ke yarinya, ba da ke nake ba.

Bakano: Sarkin Kano Alu ma ai bai miƙa wuya ba, a Lakwaja ya rasu.

Bakatsine: Da Turawa suka shiga Kano, a ina yake? 😂

Bakano: Ku da ko kibiya ɗaya ba ku harba ba!

Malam: Shi hoton ma da farko, mene ne hukuncinsa?

'Yar Talakawa: Allah gafarta Malam, naka ne fa a kan lambarka.

Mai Kyamara: Don Allah, akwai wanda ya buɗe hoton kuwa?

Bakatsine: Data ta ƙare.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Abin da aka tsayar: sarakunanmu iyayen ƙasa ne, wani mai hoto daga waje ya yi musu ƙazafi, kuma Basakkwace ya kawo hujja. 'Yar Talakawa ta ba manya haƙuri. An rufe.

'Yar Talakawa: Aka tsayar da wa? Kai da kawunka ke riƙe da dagaci!

*An cire 'Yar Talakawa daga zaure.*