Sukarin Inna ya kai 3,2: mu jira randebu ko mu taho yau?

Ɗan Mirriya: Assalamu alaikum. Innata shekararta 6 da ciwon sukari, tana shan metformin safe da dare. Kwana huɗu ke nan ruwa ba ya isarta, tana tashi fitsari sau biyar kafin asuba, ta ce ganinta hazo-hazo. Yau kafin ta karya na gwada ta, na'ura ta nuna 3,2. Randebunta da lokotoro sai nan da sati biyu. In ɗauko ta yanzu, ko zafin bazara ne kawai?

Malam Na-Zango: Wa alaikumus salam. A jiƙa mata ɓawon maɗaci da hulba, ta bar shinkafa. Ni da shi nake zaune lafiya.

Direban Kano: 3,2 ai ya yi ƙasa, a ba ta dabino! Ni nawa 180 ne kuma ina tuƙi.

Tsohon Majo: Alhaji, kada ka kashe masa uwa. Na'urar da ka sayo a Kano lissafinta daban, 180 ɗinka a nan 1,8 ne. Nata 3,2 kuwa 320 ne a taka. Mai lafiya kafin ya karya ba ya wuce 1,10. Ɗana, idan ya haura 2,5 ga ƙishirwa ga yawan fitsari, ba a jiran randebu. A duba mata har da fitsarin da masassara, don zazzaɓi ko gyambo kan tayar da sukari. Ta yi ta shan ruwa zalla a hanya.

Maman Biyu: Ƙanena, ji nawa. Yayanmu a Garin Malam haka ya fara, cikin Afrilu. Ya rame har wando na zamewa, kiyashi na taruwa inda ya yi fitsari. Muka ce wa ke Damagaram bai jin ƙishirwa a wannan wata? Ran da ya fara amai da ciwon ciki, numfashinsa ya koma da ƙarfi kamar wanda ya yi gudu, bakinsa na wari irin na mangwaron da ya wuce nuna. Muka kai shi wani asibitin kuɗi, aka ce masassara ce, aka rataya ruwa, ba wanda ya soki yatsarsa ya gwada sukari. Ni da hannuna na dama masa fura da sukari wai ya samu ƙarfi. Bai kwana biyu ba. Ƴaƴansa huɗu suna ɗakina.

Hajiyar Birni: Allah ya jiƙansa. Wane asibiti ne?

Maman Biyu: Bar shi, Hajiya. Har ordonans ɗin tana nan, jikka 38.

Malam Na-Zango: Kun gani? Asibitin da Majo ke turawa ke nan.

Tsohon Majo: Malam, rashin gwaji ne ya ci shi. Kai yaushe rabonka da gwaji?

Malam Na-Zango: Jikina ne ke gaya mini. In ya hau sai in ji rawar jiki da zufa.

Tsohon Majo: To wannan alamar faɗuwa ce, ƙasa da 0,70.

Malam Na-Zango: Na girme ka a cutar nan da shekara goma.

Mai Shayin Dole: Ni dai duk wanda ya fara neman bayan gida kafin kofi na biyu, zan rage masa sukari, kuɗi kuwa yadda suke.

Hajiyar Birni: Gwajin ma dala ɗari ne a farmasi.

Ɗan Sabon Gari: Ina? Jikka guda na biya shekaranjiya. Kwalin bandelet mai 50, ƴan tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, kuwa jikka 15.

Direban Kano: Jikka 9 nake kawo shi.

Ɗan Sabon Gari: Wanda ya sha rana a but tun daga Maigatari? Zafi na lalata su, su yi ta ba ka lissafin ƙarya.

Ɗan Mirriya: Yanzu ƙanwata ta kira, Inna ta yi amai sau ɗaya. Ina neman mota.

Tsohon Majo: Ka wuce da ita sashen gaggawa kai tsaye, ka riƙe kwalin maganinta.

Hajiyar Birni: In suka sa ta kan insulin ka tanadi randar ajiye maganin a sanyi, firij ba abin dogaro ba ne. Jiya tun azahar aka ɗauke wuta.

Ɗan Sabon Gari: Randar da me za a cika ta? Kwana shida famfonmu bai ɗigo ba. Ana cewa mai sukari ya sha ruwa, ƴan ga-ruwa kuma sun ƙara wa bido kuɗi. A Birni nawa kuke saye?