Fitilar LED ta cikin kwamfuta, 5V ko 12V?

Salam jama'a, don Allah masu haɗa kwamfuta ku taimaka min, abin nan ya tsaya min a rai. Na haɗa kwamfutata a nan Samaru, akwatin mai gefen gilashi ne, sai na ce bari in sa mata zaren fitilar LED mai canja kala. Na je shagunan PZ a Zariya na sayo, mai shagon ya ce ai duk ɗaya ne, da na dawo gida na duba sai na ga kan wayar rami 3 ne an rubuta 5V, madabod ɗina kuma (babban allon da ake jona kayan kwamfuta a kai) fil 4 gare shi 12V. Abokina ya ce in na kuskura na jona take za ta ƙone, har yau tana cikin leda.

To in mayar in karɓo mai 12V ne, ko in sayi ƙaramin kontrola mai sarrafa fitilar, wanda ke shan wuta ta SATA (wayar wutar da ake jona wa hard disk)? Ni mai 5V ɗin, wadda kowace ƙwaya ke yin kalarta, nake so wallahi, ita 12V kala ɗaya take yi gaba ɗaya. Sannan mai gam ko mai maganaɗisu? Zafin Afrilu nake tsoro, kar gam ya saki ta faɗo kan fanka.