Neman shawara: Ta yaya za a ji alherin matasanmu a rediyo?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar matasa ta taimakon kai da kai a ƙaramar hukumar Dala. Muna yashe kwatoci kafin damina, muna koya wa yara ɗinki da gyaran waya, muna sintirin dare da sanin mai unguwa. Amma sunan unguwarmu ba ya fita a rediyo sai ranar faɗan daba ko ƙwacen waya. Mun kai wa wata tasha takardar gayyata, ko mutum ɗaya bai zo ba. Wani ya ce sai mun haɗa da na goro. Don Allah masana a taimaka.

Wani ɗan jarida: Wa alaikumus salam, ƙanena. Takardar da aka bar wa maigadi da wuya ta ga ɗakin labarai. Sannan, ka yi haƙuri, "ƙungiya ta yashe kwata" ba labari ba ne. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano. Labari shi ne layin da ruwa ya ci gidaje bara, bana bai shiga ba. Ko yaron da ya ajiye wuƙa, yau yana gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre. Mu mutum muke nema da muryarsa.

Ku nemi lambar wakili ɗaya da kuka saba jin rahotonsa, ku tura masa gajeren saƙo ta WhatsApp kwana uku kafin aikin: me za a yi, a ina, ƙarfe nawa, wa zai yi magana. Ku sa aikin da safe, don ya samu shiga labaran rana. Kada ku tara shi da shugaba da mataimaki da ma'aji kowa na jero godiya. Ku kawo mai unguwa da tsohuwar da ɗakinta ya tsira. Kuma ku riƙe 5 ga Yuni, ranar muhalli, da 12 ga Agusta, ranar matasa. Ranakun nan mu ne ke yawon neman irinku.

Wata malamar makaranta: Ɗana, yaron da ya tuba ɗin nan, kada a kai shi gaban makirufo sai ya yarda, iyayensa ma sun yarda. Tsofaffin abokansa na sauraro. Kuma ina 'yan matan da kuke koya wa ɗinki? Su ma a ji bakinsu.

Wani dattijo: Batun na goro, a rarrabe. Sayen fili a rediyo halas ne, ofishin talla za ka je a ba ka rasit, amma mai sauraro ya san talla ce. Cusa wa wakili ambulan kuwa, in ka fara ba ranar dainawa. Abin da na fi ji muku tsoro ɗan siyasa ne: ya biya muku fili, ya raba huluna, shi ke nan aikinku ya koma nasa.

Wani matashi: Yaya, ku manta da rediyo. Ku ɗauki bidiyon kafin aiki da bayansa ku sa a Facebook da TikTok. In ya yaɗu, Aminiya da BBC Hausa da kansu za su iya nemo ku.

Ɗan jaridar: Bidiyon ka yi gaskiya, mu ma can muke farauta. Amma manta da rediyo a Kano? Tun da tashar Freedom ta buɗe a 2003 tashoshi ke ƙaruwa. Kansila da hakimi da iyayen da ke hana 'ya'yansu shiga ƙungiyar, rediyo suke ji.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Muna da yaro irin wanda Malam ya kwatanta, yau bayan Magariba zan je wajen mahaifinsa. In ya ce a ɓoye sunansa, za a sa rahoton?

Ɗan jaridar: Za a sa. Amma ku faɗa wa wakilin tun kafin ya kunna rikoda.