Wane fili ya fi ƙara a ƙwallon jami'o'in Amurka?

Malam Bashir: Salamu alaikum. Wanda zai kalli ƙwallon Amurka ta jami'o'i (wadda ake riƙewa da jefawa da hannu) sau ɗaya tak, yana son ya ji ihun nan da ake faɗi, wane fili ya dace da shi?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Kada yawan kujeru ya ruɗe shi. Filin Michigan ne mafi girma, mutum 107,601, har an taɓa cusa 115,109 a wasansu da Notre Dame a 2013. Amma gininsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, ihun sai ya tashi sama ya watse. Autzen na Oregon 54,000 ne kacal, sai dai kujerun sun miƙe tsaye dab da fili, ga rumfa a gefe ɗaya tana maido da ƙarar kan 'yan wasa.

Nasiru: Gaskiya ne Hajiya. Husky na Washington ma rumfunan nan biyu ne sirrinsa. An auna desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 133.6 a wasan Nebraska na 1992. In kuma yawa da ƙara yake so a haɗe, ya nemi wasan Penn State da kowa ke sa fararen kaya. A irin wannan wasan a 2019, sai da Michigan suka nemi tsayar da wasa tun kafin taɓa ƙwallon farko, don ba sa jin juna.

Malam Bashir: To ihun yana canza wasa da gaske?

Kawu Ilu: Ƙwarai kuwa. Lokacin da baƙi ke riƙe da ƙwallo ake kurma shi, musamman a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba su don su ci gaba yadi goma. Jagoran hari yana kiran umarni, 'yan layin gaba ba sa ji. Ɗaya ya motsa kafin lokaci, a mayar da su baya yadi biyar. Ko daƙiƙa 40 da ake ba su don fara yunƙuri su ƙare, yadi biyar kuma. Shi ya sa baƙi ke komawa tafi ko ɗaga ƙafa a matsayin alama. Idan 'yan gida ne da ƙwallo, shiru ake yi. Baƙon kallo ya kiyaye wannan, kar a harare shi.

Hajiya Rabi: Ni dai filin LSU, Jami'ar Jihar Louisiana, zan zaɓa masa, da sharaɗin wasan dare ne da babbar abokiyar gaba. A 1988, da suka ci Auburn 7-6, har na'urar auna girgizar ƙasa ta jami'ar ta ɗauki tsallen 'yan kallo. Wasan tsakar rana da ƙaramar makaranta kuwa, ko a can ba zai ji komai ba.

Nasiru: Ya sayi tikiti kusa da ɓangaren ɗalibai, ƙasa-ƙasa. Ya riƙe toshin kunne na soso: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama, a tura, a riƙe har ya kumbura. In da yaro, irin mai rufe kunne duka ya fi.

Kawu Ilu: Kuma in Kyle Field na Texas A&M ya nufa, ya sa takalmi mai daɗi. Ɗalibansu a tsaye suke kallo daga farko har ƙarshe, wanda ke bayansu dole ya tashi.